Mizanin Maigida: Gidajen Fatauci na Koki da Mas'alar Manufofi Masu Karo da Juna

Masana tattalin arziki sun daɗe suna jayayya a kan wata mas'ala wadda, in an tuɓe mata rigar lissafi, ba ta wuce tambaya guda ba: idan kamfani yana da manufofi da yawa, kuma ba a cimma ɗaya sai an tauye wata, wane ne ke da ikon cewa ga wadda za a gabatar, kuma da wane mizani zai auna? A shekarar 1970 Milton Friedman na Amurka ya yanke hukunci cewa manufa ɗaya ce tak, wato a ƙara wa masu jari riba cikin iyakar doka. Wasu suka yi masa raddi da cewa ma'aikata da masu saye da maƙwabta su ma suna da haƙƙi. Abin da nake nufin kafa hujja a kansa shi ne, gidajen fatauci na birnin Kano, musamman na unguwar Koki da Sarari, ba su taɓa tafiya a kan manufa ɗaya ba, kuma rauninsu bai zo daga yawan manufofin ba, ya zo ne daga cewa mizanin da ake auna su da shi yana cikin ƙirjin mutum guda, ana binne shi ranar da aka binne maigida.

Koki tun kafin zuwan Turawa mazaunin fatake ce, waɗanda ke kai turkuɗi da kanwa da fatu Gwanja su komo da goro. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka buƙaci gyaɗa alhali ba su san manomi ba, manomi bai san su ba, sai suka nemi attajiran da suka riga suka mallaki yara da amana a ƙauyuka, irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo. Alhassan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji a 1877, wanda ya yi fataucin goro tsakanin Kumasi da Akara da Ikko, ya shiga sayen gyaɗa wa Kamfanin Neja a 1918, kuma bai daɗe ba ya shige gaban tsararrakinsa. An ruwaito cewa da Bankin Ingila na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano a 1929, kayan raƙuma 20 na kuɗin azurfa ya kai ajiya.

Yadda irin wannan gida ke gudana shi ne abin lura. Maigida yana ba yaronsa jari, yaron ya tafi kasuwannin ƙauye ya saya, ya dawo a yi hisabi. Fikihun Malikiyya, kamar yadda yake a Risala da Muhtasar, ya riga ya shimfiɗa wa wannan mu'amala ƙa'ida a babin ƙirali: ana raba riba bisa kason da aka yi sharaɗi tun farko, hasara kuwa tana kan mai dukiya, sai fa in wakili ya yi ta'addi ko sakaci. To, wannan ita ce ainihin mas'alar da Jensen da Meckling suka yi wa lissafi a 1976, wato yadda mai dukiya zai tabbata cewa wanda ke juya masa ita ba kansa yake yi wa aiki ba. Amma maigidan Koki bai dogara ga hisabi kaɗai ba. Shi ke yi wa yaronsa aure, shi ke ba shi wurin zama, shi ke raɗa wa ɗansa suna, wani lokaci ya biya masa kujerar Makka, har ya zamana cin amanar maigida daidai yake da fita daga dangi. Abner Cohen ya ga irin wannan tsari a unguwar Sabo ta Ibadan, ya rubuta shi a littafinsa na 1969, Paul Lovejoy kuma ya bi sawunsa cikin tarihin fataucin goro a 1980.

Duk wanda ya duba wannan tsari da idon basira zai ga cewa maigida yana riƙe da manufofi aƙalla huɗu a lokaci guda, kuma kowace tana jan rigar 'yar'uwarta. Yana son riba, yana son jari ya tsira daga shekarar da gyaɗa ta faɗi, yana son yaransa kada su watse zuwa gidan wani, yana kuma son dukiyarsa ta tsarkaka daga kuɗin ruwa, zakka ta fita, malamai da almajirai su ci. Yaron da ya dawo da giɓi a asusu, in an kore shi an kare riba, an kuwa tsorata sauran yara. In an yafe masa an sayi biyayya, an buɗe ƙofar sakaci. Maigida yana yanke irin wannan hukunci a zaure tsakanin la'asar da magariba, ba alƙalami ba takarda, kuma sau da yawa yana dacewa, domin shekaru sun koya masa nauyin kowane abu. Amma ba wanda ya san ma'aunin sai shi.

Ilmin yanke shawara a kan manufofi masu yawa ƙoƙari ne na fito da wannan ma'auni fili. Asalinsa yana komawa ga Vilfredo Pareto na Italiya, wanda ya rasu a 1923, shi ne ya bayyana matsayin da in an kai gare shi ba a iya ƙara wa manufa ɗaya sai an rage wa wata. Harry Markowitz ya ɗauki wannan tunani ya kai shi kasuwar hannun jari a 1952, ya nuna cewa mai zuba jari yana auna abu biyu ne, ribar da yake fata da haɗarin da zai iya jurewa, kuma rarraba jari a kan kadarorin da ba sa faɗuwa tare yana rage haɗari ba tare da ya cinye riba ba. Charnes da Cooper, a littafinsu na 1961, suka zo da hanyar da ake ɗora wa kowace manufa haddi, a jera su daki-daki, kada a waiwayi ta ƙasa sai an cika ta sama gwargwadon iko. Thomas Saaty kuwa, a shekarun 1970, ya ce a riƙa gwada manufofi biyu-biyu, a tambayi mai hukunci wacce ta fi da kuma sau nawa, daga 1 zuwa 9, sa'an nan lissafi ya fitar da nauyin kowace, ya kuma tona inda maganarsa ta warware kanta.

Ɗalibin usulu ba zai ji baƙunci a nan ba. Imam Gazali a Mustasfa ya ƙidaya abubuwa biyar da shari'a ta zo don kiyaye su, addini da rai da hankali da zuriya da dukiya, Shaɗibi na Andalus kuma a Muwafaƙat ya faɗaɗa bahasin matakai uku, larura da buƙata da ƙawa, inda ba a sadaukar da na sama don na ƙasa. Jeren Charnes da Cooper ɗan'uwan wannan tartibi ne ta fuskar siffa, ko da yake ban ce ɗaya ya ɗauko daga ɗaya ba. Sai dai malaman tarjihi sun fi 'yan lissafi faɗin gaskiya a wuri guda, domin sun yarda a fili cewa rinjayar da wata maslaha a kan wata ijtihadi ne, mai yinsa yana iya dacewa yana iya kuskure. Lissafi yana nuna maka iyakar abin da zai yiwu, yana fitar da zaɓin da ba shi da amfani ta kowace fuska, amma lambar da aka rubuta a gaban riba da wadda aka rubuta a gaban amincin ma'aikaci, mutum ne ya rubuta su. Na sha ganin rubuce-rubucen jami'a da ke jera bankuna daga na ɗaya zuwa na goma da hanyar Saaty, marubucin bai ko faɗi su wa aka tambaya suka ba da nauyin ba, alhali nan ne dukan hukuncin yake.

Saboda haka tambayar ta koma kan shugabancin kamfani, kuma a nan tarihin Koki ya fi littattafai bayani. Alhassan Ɗantata ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, kuma an ruwaito cewa kafin rasuwarsa ya tara 'ya'yansa ya yi musu nasiha su zauna tare, kada su bari kamfaninsa ya rushe. Wannan nasiha ce, ba ta da ƙarfin hukunci, domin shari'a ba ta yarda da wasiyya ga magaji ba, kuma ko ga wanda ba magaji ba ba ta wuce sulusi. Gado dole a raba shi. Abin da siffar kamfani mai rajista ta kawo, wanda ayari da ƙirali ba su da shi, shi ne a raba hannun jari a bar sito da motoci da sunan gida a haɗe. Da haka, cikin 'ya'yan nasa, Ahmadu ya riƙe Alhassan Dantata & Sons har rasuwarsa a 1960, Aminu ya karɓa ya kai shi ga gine-gine da man fetur, ya rayu har Yunin 2025, Sanusi kuma ya kafa nasa gidan. Ana iya cewa nasihar ta cika rabi, sunan ya tsira, amma kowane ɗa ya zama maigida da mizanin kansa. Gidaje nawa ne a Kano da ba su sami ko wannan rabin ba, kantin da ya yi shekara arba'in ya zama filin da dillalai ke yankawa tun ba a yi sadakar arba'in ba?

Daga gidan Sanusi ne Aliko Ɗangote, ɗan 'yarsa Mariya, ya fito, kuma shi ne ya kai wannan gado kasuwar hannun jari, ya sa kamfanin sukari a 2007, na siminti a 2010. Kasuwar nan an kafa ta a Ikko a 1960, reshenta na Kano bai buɗe ba sai 1989, kuma tana da wata ɗabi'a da zaure ba shi da ita: tana narkar da dukan manufofi ta mayar da su lamba ɗaya, farashin hannun jari na yau. Amma ba ta karɓe mizani daga hannun maigida ba. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kamfanin simintin yana hannun wanda ya kafa shi, kuma wannan ba baƙon abu ba ne, domin binciken La Porta da abokansa na 1999 ya nuna cewa a yawancin ƙasashe iyali ko gwamnati ke riƙe da manyan kamfanoni. Damuwar Berle da Means a 1932 ita ce manajan da ya fi ƙarfin dubban masu jari warwatsattsu. Tamu damuwar dabam ce: malamin makaranta da ya sayi hannun jari ɗari biyu da kuɗin sallamarsa yana son a raba riba bana, mai rinjaye kuwa yana iya ganin a zuba ta a sabuwar masana'anta da ba za ta haifar ba sai bayan shekara goma. Kowannensu yana da hujja, ƙuri'a kuwa gwargwadon jari take.

Dokokinmu sun ɗauko maganinsu daga Ingila, daga rahoton Cadbury na 1992. Ƙa'idojin shugabancin kamfanoni na 2018 da dokar kamfanoni ta 2020 sun raba kujerar shugaban hukumar daraktoci da ta babban manaja a kamfanin jama'a, sun kuma wajabta daraktoci masu zaman kansu. Ba na raina wannan, musamman ga wanda ya tuna Agustan 2009, lokacin da Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar rana guda bayan basussukan da aka zuba a kasuwar hannun jari sun nutse da ita. Sai dai daraktan da mai rinjaye ya zaɓa, a ƙasar da musa wa babba a gaban jama'a rashin kunya ne, zaman kansa yana kan takarda. Abin da zai ba shi ƙafar tsayawa shi ne rubutaccen tartibi da aka amince da shi tun kafin rigima ta taso: kaso nawa na riba ake rabawa, bashi ba ya wuce ina, ciniki tsakanin kamfani da dangin mai rinjaye wa ke sa masa hannu. In akwai wannan, ba sai ya ce wa Alhaji ya yi kuskure ba, ya isa ya nuna masa abin da shi da kansa ya sa wa hannu.

Za a ce rubutu yana ɗaure hannun mai hangen nesa, kuma da attajiran zamanin zuwan jirgin ƙasa sun jira shura da takarda, da gyaɗa ta wuce su. Akwai gaskiya a ciki, kuma shi ya sa ba kowace manufa ce ta cancanci a mayar da ita haddi ba. Bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, ya shiga kasuwar hannun jari a 2017, misali ne na yadda ake bambancewa. Manufa guda, wato nisantar kuɗin ruwa da haramtacciyar mu'amala, an cire ta daga cikin abubuwan da ake ciniki a kansu, an danƙa ta ga kwamitin malamai wanda hukumar daraktoci ba ta da ikon tsallake fatawarsa. Sauran kuwa, riba da haɗari da yawan rassa, an bar wa manajoji su auna gwargwadon halin kasuwa. Gidan kasuwancin iyali a Koki ko Kantin Kwari yana iya yin kwatankwacin haka tun maigida yana da rai da lafiya: ya zauna da magadansa da malaminsa da akawunsa, a ware abubuwa biyu ko uku da ba a taɓawa, a faɗi yadda magajin da ke son fita zai sayar da kasonsa da wanda zai yi masa ƙima, a kai takardar rajista tare da dokokin kamfanin.