NNS Aradu: Tarihin Babban Jirgin Ruwan Yaƙin Nijeriya

NNS Aradu, mai lamba F89, jirgin ruwan yaƙi ne da ya shafe shekaru masu yawa yana jagorantar jiragen rundunar sojan ruwan Nijeriya. Sunansa kalmar Hausa ce. Manomin rake a Maƙarfi ko Kudan, wanda bai taɓa ganin teku ba, ya san aradu sarai: ita ce tsawar da ke faɗowa da damina ta tsaga itace gida biyu, ita ce kuma Maguzawan ƙasar Ikara ke rantsuwa da ita tun kaka da kakanni. Da farko Republic aka raɗa wa jirgin, sai a 1980 aka sauya masa wannan suna.

Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ce ta ba da kwangilarsa a 1977, lokacin da kuɗin man fetur ke shigowa. Kamfanin Blohm + Voss na birnin Hambug a Jamus ne ya ƙera shi, aka saka shi a ruwa a Janairun 1980. Ya iso Legas a Disambar 1981, ya fara aiki a Fabrairun 1982, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Shi ne jirgi na farko a duniya da aka ƙera bisa tsarin MEKO, inda ake haɗa makamai da na'urori a cikin akwatuna daban-daban, ta yadda za a ciro ɗaya a saka wani ba tare da an farke jikin jirgi ba. Ajantina ta sayi huɗu irinsa, kuma a can ajin manyan jiragen farmaki aka saka su.

Tsawonsa ya kai mita 125, nauyinsa da cikakken kaya tan 3,360. Injuna iri biyu gare shi: na dizal don tafiyar yau da kullum, da na Rolls-Royce don gudun gaggawa, wanda ke kai shi kusan kilomita 56 a awa. Lokacin da ya fara aiki, yana ɗauke da igwa mai bakin milimita 127, da makamai masu linzami na Otomat, da jirgi mai saukar ungulu samfurin Lynx.

Mutum 195 ne ke tafiyar da shi, 26 daga cikinsu hafsoshi, irin waɗanda Makarantar Horar da Hafsoshi ta NDA da ke Kaduna ke yayewa. Sauran kuwa su ne ƙashin bayan jirgin: makanikan da ke kwana cikin zafin ɗakin inji, da masu zura ido ga na'urar hango abokan gaba, da masu igwa, da kuku. Aiki ne na karɓa-karɓa dare da rana, ana barci a gadaje masu hawa-hawa, rufi na kusa da goshi.

Jirgin ya sha wuya. A 1987 ya kafe a ƙasa, ya kuma yi karo, har aka yi masa dogon gyara a farkon shekarun 1990. Kayan gyaransa duk daga waje suke zuwa, kuɗin kuma ba kullum ake sakinsu ba. Duk da haka ma'aikatansa suka tashe shi, ya je Fotsmos a Ingila a 2005 don bikin cika shekara 200 da yaƙin Tarafalga, sannan a 2007 ya ƙetare Tekun Atilantika zuwa Birazil. Yabon waɗannan tafiye-tafiye biyu na injiniyoyinsa ne kafin kowa.

Bayan nan ya daɗe a ɗaure a bakin ruwa a Legas, gishirin teku na cin ƙarfensa, abin da bai dace da jirgi mai irin wannan daraja ba. A 2023 rundunar sojan ruwa ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Dearsan na Turkiyya domin a sabunta shi.