Daga Fitilar Alassane zuwa Allon Wayar Hannu

Duk wanda ya ga samarin Tamaske sun haɗa kai a kan wayar hannu suna wasan ƙwallo zai lura da abu guda: da an taɓa allo sai ɗan wasa ya juya, inuwarsa ta bi shi. Ba ajiyayyen hoto ba ne. Na'urar ce ke zana shi nan take, sau 30 ko 60 a cikin sakan guda. Wannan fasaha tana da tarihi, kuma ƙasar Adar ba baƙuwa ba ce a cikinsa.

Marigayi Moustapha Alassane (1942-2015), wanda ya daɗe zaune a Tawa, da fitila da kwali ya fara: yana motsa surori, jama'a na kallon inuwarsu. Hannu na motsi, ido na gani. Da ya shiga sinima, ya ƙaro ilimi a Kanada wurin Norman McLaren, sai aiki ya koma na haƙuri. Fim ɗinsa na 1966, Bon voyage Sim, labarin wani kwaɗo shugaban ƙasa, hoto ɗaya-ɗaya aka zana shi kafin majigi ya jera su.

Burin masana kwamfuta shi ne su haɗa biyun: kyawun zane da saurin inuwa. A 1963, a Amurka, Ivan Sutherland ya nuna Sketchpad, inda mutum ke zane kai tsaye a kan allo. Daga baya aka riƙa gina kowace sura da ƙananan alwatika masu yawa. A 1971 Bafaranshe Henri Gouraud ya samo hanyar sajewar haske tsakanin kusurwoyinsu, har fuska ta fito sumul. A 1974 Edwin Catmull ya bayyana yadda na'ura za ta auna nisan kowane ɗigo, ta nuna na gaba ta ɓoye na baya, da yadda za a lulluɓe sura da hoto kamar an yafa mata zane. A 1999 kamfanin Nvidia ya ɗora lissafin haske da juyin surori a kan katin GeForce 256, a 2018 kuma ya fito da katunan RTX masu bin sawun haske nan take.

Sirrin duka tsimi ne: abin da ido ba zai kama ba, ba a ɓata lokaci a kansa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Malamai, alwatikar da kuke zanawa da alli ita ce tubalin wannan gini. Alassane ya sa kwaɗi kokowa a fim ɗinsa Kokoa, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya rungumi kwamfuta a Tawa. In ɗalibanmu suka tsaya ga danna allo kawai, tatsuniyar wasu za su yi ta kallo, tamu kuwa ta rasa mai zana ta.