AGWAGIN DA SUKA ƁACE: TARIHIN GUBAR DALMA A CIKIN RUWA

Ga wani sabon shirin namu na tarihi. Waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, ga shi nan an rubuto muku.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Batsari ko Safana ya san tafki da kududdufi. Can ake wanka, can ake wanki, can ake shayar da dabbobi, can ake buga bulo idan rani ya yi. In kana yaro ka taɓa ɗaga dutse a bakin ruwa, ka san abin da ke ƙarƙashinsa: katantanwa, matsattsaku, ƴan tsutsotsi, da wasu ƙananan ƙwari da ko sunansu ba mu damu mu sani ba. Mazarin da muke bi da gudu ma, a cikin ruwan nan ya yi ƙuruciyarsa kafin ya yi fiffike.

To yau labarin waɗannan ƴan halittun za mu yi. Tarihi ya nuna cewa idan guba irin ta ƙarfe ta narke a ruwa, su take fara kwashewa, tun kafin mutum ya ji ko ciwon kai. Za mu fara daga Birtaniya wajen shekara 100 da suka wuce, mu dawo Zamfara, sannan mu ƙare a gida.

MATAR DA TA ƘIDAYA ƘWARIN KOGI

A yankin Wales na ƙasar Birtaniya akwai wani gari a bakin teku, sunansa Aberystwyth. Koguna 2 ne suke gangarowa gare shi daga kan duwatsu, Rheidol da Ystwyth. A kan duwatsun nan an daɗe ana haƙar dalma, an bar tsibi-tsibin dutsen da aka farfasa a bakin ruwa. Kogunan suka wayi gari babu kifi. Abin da yawancin mutane suka ɗauka shi ne, ɓarɓashin dutse da laka ne suke toshe wa kifi hanyar numfashi.

Sai ga wata mata mai suna Kathleen Carpenter, ɗaliba a jami'ar garin. An haife ta a 1891. Daga wajen 1919 ta riƙa shiga kogunan nan da ƴar komarta, tana ɗaga duwatsu, tana ƙidaya duk abin da ta samu mai rai, tana kwatantawa da kogunan da babu haƙar ma'adinai a kansu. A Rheidol, ire-iren halittun da ta samu ba su kai 20 ba, kuma kusan duk ƴaƴan ƙwari ne masu taurin rai. Katantanwa babu, dangin jatan lande babu. Ta wallafa binciken a 1924.

Da ta koma ɗakin gwaji sai ta nuna cewa dalmar da ta narke a cikin ruwan, wadda ido ba ya gani, ita ce mai kisan. Ta lura tana haɗuwa da yauƙin da ke jikin wannan jan abin na gefen kan kifi, wanda yake numfashi da shi, sai yauƙin ya daskare, kifin ya shaƙe. Ma'ana ruwa yana iya zama garai-garai kamar ka ɗiba ka sha, alhali a mace yake.

Akwai kuma wani ɓangare mai daɗin ji. A farkon shekarun 1920 aikin haƙar ya tsaya a kan Rheidol. Da wasu masu bincike suka sake ƙidaya bayan kamar shekara 10, ire-iren halittun sun haura 100. Kogi yana warkewa in an daina zuba masa. Amma tsibin dutsen da aka bari bai daina tsiyaya ba duk lokacin da aka yi ruwan sama, har yau hukumomin Wales suna fama da tsofaffin ramukan nan.

YA AKE GUBAR TAKE KISA?

Bari mu ɗan tsaya nan, don in ba a gane wannan ba sauran labarin ba zai zauna ba.

Halittar da ke cikin ruwan daɗi kullum gishirin jikinta yana zurarewa zuwa cikin ruwan, don haka kullum tana cikin aikin jawo wani ta fatarta da wurin numfashinta. Akwai ƴan ƙofofi da aka tanada don wannan. Jan ƙarfe da azurfa in sun narke, sai su lalata ƙofar da gishiri yake shiga. Dalma da tutiya kuma su yi shigar burtu, su bi ta ƙofar sinadarin kalsiyam, wanda katantanwa take gina ɓawonta da shi. Cikin kwana ɗaya ko biyu, ƴar halittar ta mutu.

Daga shekarun 1930 zuwa 1940 masana suka mayar da wannan ya zama ma'auni. Suka zaɓi wata ƴar mitsitsiyar halitta mai suna Daphnia, mu ce mata ƙumar ruwa, girmanta bai wuce ƙwayar gero ba. Ana jera kofuna, kowanne da adadin gubar da aka sa masa, a zuba ƴaƴanta a ciki, a jira awa 48, a duba kofin da rabinsu suka mutu. Wannan adadin shi ake rubutawa. Har gobe da irin wannan gwajin ƙasashe da yawa suke tsara dokar abin da masana'anta za ta iya zubarwa a kogi.

Ma'aunin da ake amfani da shi ana ce masa maikrogiram a lita. In ka narkar da giram 1 a cikin lita miliyan 1, wato jarka 40,000 mai cin lita 25, ka sami maikrogiram 1 a kowace lita. Jan ƙarfe ƴan gomomi kawai na wannan ma'aunin ya isa ya kashe ƙumar ruwa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda mutum ya sha ruwa mai har 2,000. Kun ga tazarar? Saboda haka ne ma aka daɗe ana zuba shuɗin gishirin jan ƙarfe a magudanan noman rani na Masar da Sudan, don a kashe katantanwar da ke yaɗa tsargiya.

Kuma ruwa suna ya tara. Ruwa mai yawan kalsiyam, irin wanda sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa, yana rage kaifin gubar. Ruwa mai tsami-tsami kuma ƙara narkar da ita yake yi.

ZAMFARA, 2010

Yanzu mu dawo maƙwabta. Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008, farashin zinare ya yi sama. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum mutane suka duƙufa haƙa. Ana kwaso dutsen a buhu a kawo cikin gari, a farfasa, a niƙa da irin injin da ake niƙan hatsi, a wanke garin a bakin tafki, a shanya a tsakar gida. Mata na yi, yara na wasa a gefe. Abin da ba a sani ba, dutsen da aka faɗo a kansa a lokacin cike yake da dalma. Dangin dutsen tozali ne, wanda shi ma asalinsa dalma ce.

A farkon 2010 agwagi suka fara ɓacewa a ƙauyukan. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta rubuta cewa daga baya mutane sun ce sun lura agwagin sun ragu, amma ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. To wa zai ɗauka? Agwagwa ce fa. Amma ku tuna inda agwagwa take kiwo. Bakinta kullum yana cikin taɓon tafki, tana tsintar tsutsa da katantanwa. Duk abin da ya kwanta a ƙasan ruwan, ita ce mai fara haɗiya.

A watan Maris na shekarar, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau suka ci karo da ƙauyukan da yara ke ta mutuwa. Yaro ya fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai rai ya yi halinsa. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba da na sanƙarau, shiru. Sai da aka aika jini waje aka gwada, aka ga dalma ce.

A watan Mayu aka bi gida-gida a Dareta da Ƴargalma. Cikin yara 463 ƴan ƙasa da shekara 5, an samu 118 sun rasu a cikin shekara ɗaya. Ɗaya cikin huɗu ke nan. A wasu wuraren, ƙasar da aka auna tana ɗauke da dalma sama da kashi 100,000 cikin miliyan, lokacin da iyakar da Amurka ta sa wa wurin wasan yara 400 ne. Jimillar yaran da suka rasu a jihar an ƙiyasta sun kai 400 ko fiye. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Dubbai kuma sun rayu da ita a jini, kuma dalma in ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ɓarnar ba ta gyaruwa.

Wajen ƙarshen daminar shekarar, tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya ta zo ta auna ruwa. A wasu tafkunan dalmar ta haura maikrogiram 1,000 a lita, alhali iyakar ruwan sha 10 ne. Aka shiga aikin kankare ƙasar saman gidaje ana binnewa, ana zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi sauran girma, sai 2013 aka yi nata, bayan matasa sun yi ta matsa wa gwamnati lamba a soshiyal midiya har aka saki kuɗin. Ba a gama jimami ba, a 2015 irin wannan ta sake faruwa a Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

INA RUWAN BATSARI DA SAFANA?

Ruwanmu ne dumu-dumu. Dajin Rugu ne kawai tsakaninmu da Zamfara. Samarinmu da yawa sun je haƙar zinare, wasu Zamfara, wasu jihar Neja, wasu har Jado a arewacin Nijar. Sun koyo sana'ar, sun san dutsen in sun gan shi. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024. Ga talauci, ga rashin tsaro da ya raba mutane da gonakinsu. Wanda aka kora daga gonarsa in ya ji labarin dutse mai kuɗi, ba za ka ce masa kada ya je ba.

Sannan yanayin ruwanmu ya fi na Wales haɗari ta wani ɓangaren. Nasu kogi ne mai gudu duk shekara. Namu tafki ne, a tsaye yake. Da rani ruwan yana ƙafewa, amma dalma ba ta bin tururi, nan take zama tana ƙara kauri. In tafkin ya bushe, taɓon ya zama ƙura, ko a yi bulo da shi a gina ɗaki. Ruwan farko na damina kuma ya wanko duk abin da aka tara a tudu ya kawo. Wanda ya samu hanya ya bi ƙorama ya yi yamma, ya shiga Bunsuru, ya nufi gulbin Rima, ya isa ga mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Amma a nan sai an yi hattara da magana. Ganin ƙwari suna yawo a tafki ba ya nufin ruwan lafiyarsa ƙalau. Dalmar da ba ta isa ta kashe tsutsa cikin kwana 2 ba, ta isa ta cutar da yaron da ke shan ruwan wata da watanni, don masana sun ce babu wani adadin dalma da yake lafiya a jinin yaro. Tafasa ruwa ma ba ya cire ta. Haka nan ba duk tafkin da ya mutu ba ne dalma ta kashe shi, maganin feshin gona ma yana yin haka. Abin da mutuwar ƴan halittun nan take gaya maka shi ne, wani abu ya shiga ruwan, a tashi a bincika. Gwaji ne kaɗai zai faɗi ko mene ne.

Darasin da Zamfara ta biya da tsada ba shi da wuyar riƙewa. Dutsen zinare ba ya shiga gida. Ba a niƙa shi da injin hatsi. Ba a wanke shi a tafkin da mutane da dabbobi ke sha. Wanda ya dawo daga wurin aiki ya yi wanka ya canza kaya kafin ya ɗauki ɗansa. In kuma aka ga agwagi ko kaji ko awaki suna mutuwa ba dalili a garin da ake wannan sana'a, ko tafkin da aka sani da rai ya yi tsit, a gaya wa mai gari da ma'aikatan lafiya tun ranar, kada a jira sai ta kai ga yara. Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ita Kathleen Carpenter ba ta fara da wata babbar na'ura ba, da koma da littafin rubutu ta fara. Ɗalibanmu da ke karatun kimiyya a Dutsin-Ma da Katsina, har da ƴan sakandare, za su iya yin irinsa. Ka zaɓi tafki ɗaya a garinku, ka ɗaga duwatsu 10, ka rubuta abin da ka gani da kwanan wata, ka ɗauki hoto. Baɗi war haka ka koma. Ranar da wani abu ya canza, kai ne kake da shaidar yadda yake a da.

Nan za mu dakata. Wanda yake da ɗan'uwa a wurin haƙa, don Allah ya tura masa wannan. Allah ya kare mana yaranmu, ya dawo mana da zaman lafiya a yankinmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.