Littattafan hotuna da tarihin tsohon birnin Zariya

Ranar Juma'a 11 ga watan Agustan shekarar 2023, wani sashe na rufin babban Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta kan masallata ana cikin sallar La'asar, lamarin da ya haddasa asarar rayuka da jikkatar mutane da dama.

Masallacin, wanda ke ƙofar fadar Sarkin Zazzau daura da unguwar Kwarbai, an gina shi ne a shekarun 1830, kuma ya kasance cikin gine-ginen ƙasa mafiya daraja a Afirka ta Yamma.

Duk mai son sanin ainihin kamanninsa na farko a yau, tilas ne ya koma ga hotuna da zane-zanen da ke cikin wasu 'yan littattafai, waɗanda galibinsu a ƙasashen waje aka buga su, kuma samunsu a Najeriya na da wuya.

Mene ne littafin hotuna?

Littafin hotuna shi ne wanda hoto ke ɗauke da nauyin bayani, rubutu kuma ya zamo mai rakiya.

Mai ɗaukar hoto kan zaɓi gari guda ko al'umma guda, ya zauna cikinsu na tsawon makonni ko shekaru, sannan ya jera abin da ya ɗauka ta yadda mai buɗe shafukan zai ga gidaje da gonaki da sana'o'i da fuskokin mutanen wurin.

A Turai da Amurka irin waɗannan littattafai sun zama abin tarawa, kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi ko kan sarki. Akan yi gwanjonsu, kuma kwafin da ke ɗauke da sa hannun mai hoton ya fi sauran tsada.

Misali daga Italiya

Ɗaya daga cikin fitattun littattafan wannan fanni shi ne Un Paese, wato ƙauye ko gari, wanda kamfanin Einaudi ya buga a birnin Turin a shekarar 1955.

Ba'amurke Paul Strand ne ya ɗauki hotunan a shekarar 1953 a Luzzara, wani ƙaramin gari na manoma da ke gaɓar kogin Po a arewacin Italiya.

Rubutun kuwa na Cesare Zavattini ne, marubucin fina-finai kuma haifaffen garin, wanda ya tattara maganganun mazauna wurin game da rayuwarsu, aka ajiye su kusa da hotunansu.

Hoton da ya fi shahara a littafin shi ne na wata dattijuwa da mijinta ya rasu, tana tsaye a ƙofar gida tare da 'ya'yanta maza biyar.

Abin lura shi ne aikin bai tsaya nan ba. Gianni Berengo Gardin ya koma Luzzara ya sake ɗaukar garin, aka buga nasa littafin a 1976, sannan Stephen Shore ya yi nasa aikin a can a 1993.

Ta haka ne mai nazari ke iya ganin yadda gari guda ya sauya cikin shekaru arba'in.

Shi dai Paul Strand ya yi irin wannan aiki a Afirka. Ya ziyarci Ghana a shekarun 1963 da 1964 bisa gayyatar Shugaba Kwame Nkrumah, kuma littafin da ya biyo baya ya fito a 1976, shekarar da ya mutu.

Abin da aka ɗauka a Zariya

A Zariya, ba masu ɗaukar hoto na sana'a ne suka fi yin wannan aiki ba. Masanan zanen gini ne da malaman jami'a, musamman bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

A shekarar 1963 aka buga wani ɗan littafi a Kaduna mai suna Decorated Houses in a Northern City, na Anthony Kirk-Greene, wanda ya koyar a Zariya. Littafin ya maida hankali ne kan adon da magina ke yi a fuskar zaurukan birni.

David Heathcote, shi ma tsohon malamin jami'ar, ya shirya baje kolin fasahohin Hausawa a Landan a 1976, tare da littafin The Arts of the Hausa, mai ɗauke da hotunan ɗinki da dukanci da sauran sana'o'in hannu.

A 1982 Bajamushe Friedrich Schwerdtfeger ya fitar da nazari mai kwatanta gidajen Zariya da na Ibadan da na Marrakesh, sannan a 2007 ya fitar da wani littafin kacokan kan adon bangon gidajen Zariya.

J. C. Moughtin kuwa ya buga Hausa Architecture a Landan a 1985, inda ya yi dogon bayani kan Masallacin Juma'ar Zariya.

Aiki mafi girma shi ne na Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Poland, wanda ya fara auna gine-ginen gargajiya na Najeriya da ɗaukarsu hoto a ƙarshen shekarun 1950. An buga aikinsa cikin juzu'i uku a 1990, kuma juzu'i na farko na arewacin Najeriya ne.

A ɓangaren 'yan ƙasa, Hamman Tukur Saad ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Michigan a 1981 kan fasahar maginan ƙasar Hausa da yadda su kansu suke auna kyan gini.

Abin da hotunan ke nunawa

An gina Masallacin Juma'ar ne a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma maginin shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani.

Hotunan cikin masallacin na nuna manyan ginshiƙai na ƙasa masu zane, da bakan gizo da ke tashi daga jikinsu su haɗu a sama su ɗauki rufi.

Sirrin wannan gini yana ga azara, wato itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta cika cinsa ba. Magina kan jera azara hawa-hawa, kowace na zarce ta ƙasanta kaɗan, su ɗaure su, su lulluɓe da ƙasa har bakan ya haɗe.

A shekarun 1970 aka kewaye tsohon ginin da sabon gini na siminti, abin da ya sauya kamannin masallacin daga waje baki ɗaya. Saboda haka hotunan da aka ɗauka kafin wannan lokaci su ne shaidar yadda farfajiyarsa da ƙofofinsa suke tun asali.

Awon da Dmochowski ya yi ne kuma ya ba da damar gina kwaikwayon masallacin a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos, wanda shi ya jagoranci kafa shi.

Baya ga masallaci, littattafan na nuna zauruka masu zankwaye, da bangayen tubali da aka shafe da makuba, da zanen dagi.

Suna kuma nuna yadda adon ya bi zamani, domin a tsakiyar ƙarni na 20 magina sun riƙa zana keke da mota da agogo da jirgin sama a bangon attajirai, don nuna wadatar mai gida.

Da yawa daga irin waɗannan gidaje yanzu bulo da kwano sun maye gurbinsu, kamar yadda ganuwar birnin ta zaizaye a wurare da dama tsakanin ƙofofi irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana.

Me ke sa littafi daraja?

Masu cinikin tsofaffin littattafai kan duba abubuwa kaɗan.

Na farko shi ne bugu. Bugun farko ya fi na baya daraja, musamman idan kwafin da aka buga ba su da yawa, ko kuma an sa wa kowane kwafi lamba.

Na biyu shi ne lafiyar littafin: ko shafukansa sun cika, ko rigar takarda da ke lulluɓe da bangon na nan, ko ruwa ya taɓa shi.

Na uku shi ne sa hannu, da kuma sanin hannayen da littafin ya bi kafin ya iso ga mai sayarwa.

To sai dai a nan ne ake samun algus, domin kwaikwayon sa hannu abu ne mai sauƙi. Sanin tarihin littafi kan kare mai saye daga zamba.

Alal misali, Dmochowski ya mutu a 1982, shekaru takwas kafin a buga juzu'ansa uku. Don haka duk kwafin wannan aiki da aka ce yana ɗauke da sa hannunsa, jabu ne.

Matsalar adanawa

Yanayin ƙasar Hausa ba ya tausaya wa takarda. Danshin damina kan sa shafuka masu sheƙi su manne da juna, ƙurar hunturu ta dusashe su, gara da kyankyasai da ɓeraye su ƙarasa abin da ya rage.

Ma'aikatan ɗakunan karatu kan ba da shawarar a ajiye littafi nesa da bango da daɓe, inda iska ke ratsawa, kada rana ta riƙa dukansa, kuma kada a liƙa yagaggen shafi da salatif.

Wata matsalar ita ce ta mallaka. An rubuta waɗannan littattafai da Turanci, an buga mafi yawansu a Turai, kuma da kuɗin waje ake sayar da tsofaffin kwafinsu, abin da ke nesanta su daga jikokin maginan da aikinsu ke ciki.

Wannan ya bambanta da Luzzara, inda marubucin ɗan gari ne, kuma aka buga littafin da harshen mutanen da aka ɗauka.

Masu bincike a Najeriya kan nemi irin waɗannan ayyuka ne a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ko a Gidan Arewa da ofishin adana takardun tarihi na ƙasa, dukansu a Kaduna.

Akwai kuma wata taska da ba ta shiga littafi ba, wato hotunan hawan sallah da naɗin sarauta da bukukuwa da ke cikin akwatunan iyalai a unguwannin birni irin su Kwarbai. Irin waɗannan hotuna kan rasa amfaninsu ga tarihi da zarar dattijon da ya san sunayen mutanen ciki da shekarar da aka ɗauka ya kwanta dama, muddin ba a rubuta bayanin a bayan hoton ba.