Daga Lifidi Zuwa Katifa: Tarihin Allura da Zare a Garwa

Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Garwa, ko Marwa, ko Rai Buba, zai tuna da wasu mahaya da kan fito su da dawakansu a lulluɓe cikin wata sutura mai kauri, an tsara ta gida-gida da ƙyallaye masu launi iri-iri. Yara kan ɗauka ado ne kawai. Manya sun san sunanta lifidi, amma ko a cikinsu kaɗan ne ke tsayawa su tambayi wanda ya ɗinka ta, da irin zaren da ya yi aiki da shi, da abin da aka biya shi. Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin amsarta ta haɗa tarihin yaƙi da na noma da na kasuwa, ta kuma taɓa tukunyar mata da yawa da ke zaune a gida suna ci da allura.

Lifidi ɗinki ne na ciko. Ana shimfiɗa ƙyalle, a baza masa auduga ko audugar rimi, a rufe da wani ƙyallen, sannan a bi shi da allura layi-layi, sama da ƙasa, don kada cikon ya gudu ya taru a gefe guda. Da wannan dabara ake yin ɗauki-saka na sirdi, da ita ake yin katifa da matashin kai, kuma ita ce matan Amurka ke amfani da ita wajen haɗa guntayen yadi su yi bargo. Aikin ɗaya ne, buƙatar ce ta bambanta.

A ƙasar Hausa lifidi tsoho ne ƙwarai. Littafin Tarihin Kano ya danganta shigo da shi, tare da kwalkwali da sulke, ga Sarkin Kano Kanajeji, wanda aka ƙiyasta mulkinsa tsakanin 1390 da 1410. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Makamin da ya fi kashe barade a wancan zamani shi ne kibiya mai dafi. Sulke kayan ƙetare ne mai tsada, sai sarakuna da manyan fadawa, shi kuwa lifidi duk abin da yake buƙata yana nan a gona da bakin kasuwa. Idan kibiya ta shiga cikon sai ƙarfinta ya mutu kafin ta kai fata. Amma yana da aibunsa. Yana da nauyi da zafi, wuta na kama shi nan take, kuma ɗan lifidan da ya faɗi daga kan doki da wuya ya tashi sai da taimako.

A ƙasashen da ke kudu da Tafkin Chadi ma an san shi tun kafin jihadi. Baturen Ingila Dixon Denham, wanda ya bi rundunar Barno zuwa Mandara a 1823, ya bar mana zanen wani mashin Sarkin Bagarmi, shi da dokinsa cikin lifidi tun daga kai har gwiwa. Da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a wajajen 1809, aka kafa Fombina, sai garuruwan Fulani irin su Garwa da Marwa da Gaundare suka zama fadoji masu lamiɓe da rundunar dawaki. Fada kuwa tana buƙatar maƙera da dukawa da masaƙa da marina da maɗinka. Da yawa daga cikin waɗannan masu sana'a Hausawa ne da Barebari da suka biyo hanyar fatauci suka zauna. Shaidar hakan tana nan a sunayen unguwannin Garwa: akwai Fulɓere, akwai Hausare, akwai Kolere ta Barebari. Tana nan kuma a sarautun fada irin su Galadima da Sarkin Fada da Sarkin Yaƙi, waɗanda aka aro daga yamma.

To, daga ina zaren yake fitowa? Daga hannun mata. Namiji ya noma auduga, mace ta gurje ta ta fitar da angurya, ta shiɓe ta, ta kaɗa ta da mazari. Idan siririn zare ake so na saƙa ta murza shi sosai, idan abawa ake so ta bar shi da kauri da laushi. Daga nan masaƙi ya karɓa ya fitar da sawaye 'yan sirara, waɗanda Fulanin yankin ke kira leppi. Matafiyin nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da aka fi sani da Abdulkarim, ya haye Binuwai a mahaɗarta da kogin Faro, yamma da Garwa, a watan Yuni na 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Yola. Ya tarar da cewa waɗannan sawayen su ne kuɗin da ake ciniki da su a kasuwannin Adamawa. Mai karatu ya tsaya ya yi tunani a nan. Matar da ke kaɗi a tsakar gida a wancan zamani, a zahiri kuɗi take ƙerawa. Ba ta buƙatar dillali ya gaya mata darajar aikinta, domin da abin da ya fito daga mazarinta ake sayen dawa da gishiri.

Zaren ado kuwa daban ne. Akwai tsamiya, wadda ake samu daga gidan wata tsutsa ta daji, akwai kuma alharini mai launin ja da Larabawa ke kawowa ta Hamada daga Tarabulus zuwa Kano, daga can fatake su gangaro da shi. Zaren da aka yi wa riga aiki da shi shi ke fara yanke mata farashi, kafin a zo ga yawan aska ko girman aljihu.

Zamanin lifidi a fagen fama ya ƙare cikin 'yan watanni. A watan Satumba na 1901 Turawan Ingila suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fita ya nufi gabas yana tara mutane. A watan Nuwamba na shekarar ya gwabza da sojojin Jamus a Garwa, sannan a Janairun 1902 aka sake haɗuwa a kusa da Marwa. Duk sau biyun bindiga mai ruwan harsashi ce ta yi nasara. Cikon da ke tare kibiya ba ya tare harsashi. Daga ranar lifidi ya koma kayan hawa da tarbar baƙi, masu ɗinka shi kuma suka ragu, tunda fada ba ta sake buƙatarsa da yawa.

Sana'ar dai ba ta mutu ba, gida ta sake. Hannun da ya iya cika rigar doki ya iya cika katifa. A kayan ɗakin amarya, katifar auduga ko ta rimi da matasan kai suna cikin abin da uwa ke fara tanada. Mai katifa kan zauna a bakin kasuwa da basillarsa da sandar bugun auduga, wani kuma yana yawo gida-gida, a fito masa da tsohuwar katifa ya farke ta, ya buge cikon ya tashi, ya ƙara sabo, ya mayar ya ɗinke.

Sai auduga ita ma ta sake ubangida. Bayan Jamusawa sun miƙa wuya a Garwa a watan Yunin 1915, yankin ya koma hannun Faransa. A farkon shekarun 1950 kamfanin Faransawa na CFDT ya shigo da noman auduga na sayarwa, ya fara daga wajajen Kayele, yana ba manoma iri, yana saye a farashin da aka tsayar. A 1974 Sodecoton ta gaje shi, hedikwatarta tana Garwa har yau. Kafin nan, a 1965, an kafa Cicam, wadda ta riƙa kaɗi da saƙa a Garwa, tana kai yadin Duwala a buga masa zane. Manomi ya sami kuɗin hannu a kowace kaka, dubban mutane sun sami aiki, wannan ba a musunsa. Sai dai audugar da a da ke tsayawa a tsakar gida yanzu ma'auni take wucewa, mafi yawanta kuma ƙetare ake fita da ita a dunƙule. Mazari ya koma ƙarƙashin gado. Mace ta daina yin zare, ta koma saye.

Wanda ke saye kuwa ba shi ke yanke farashi ba. An ga haka ƙarara a Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Duk wani zare da allura da yadin da ake shigowa da su da kuɗin waje suka yi tsada, ladan ɗinki bai bi su da irin wannan saurin ba. A gefe guda ga katifar soso, ga barguna na masana'antun Asiya, ga gwanjo. Kowannensu ya fi aikin hannu araha, kuma mai saye da aljihunsa yake shawara.

A yau idan ka shiga gidajen Garwa za ka tarar allura na nan tana aiki. Wata hula take ɗinkawa, wata zanen gado da rigunan matashi take yi wa surfani, wata kuma guntayen atamfa take karɓowa daga wurin tela ta haɗa shimfiɗar jariri. Da yawansu da sha'awa suka fara, sai maƙwabciya ta gani ta ce a yi mata, daga nan ya zama sana'a. Matsalar tana wajen yanke kuɗi. Na sha zama da masu wannan aiki in ji lissafinsu: kuɗin yadi, kuɗin zare, kuɗin ciko, la'adar dillaliya, sai a ɗora ɗan wani abu a kai a ce riba. Kwanakin da aka shafe a duƙe, da idon da ke raguwa, da bayan da ke ciwo, babu su a lissafin. Sai ka ji ta ce, ai zaman banza nake yi da ma. Alhali abin da take kira riba ladan aikinta ne, kuma ko shi bai cika ba.

Gyaran ba shi da wuya a faɗa. Ta rubuta duk abin da ta saya, har da zaren da ya rage a ƙwarya. Ta ƙirga kwanakin aikin, ta tambayi kanta nawa mai wankau ko mai tuyar ƙosai ke samu a yini, ta sa wa nata yinin kuɗin da bai gaza haka ba. Bayan an haɗa waɗannan ne ake maganar riba. Ta karɓi kuɗin kaya kafin ta yanka yadi. Idan su biyar ne a unguwa, su haɗa kuɗi su sayi zare a sari, su kuma daina karya wa juna farashi.

Akwai darasi a wani ƙauye na baƙaƙen fata da ake kira Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka. Matan wurin sun daɗe suna haɗa barguna da tsofaffin tufafi don maganin sanyi. A 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta sayar da aikinsu, a 2002 kuma aka baje bargunansu a manyan gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York. Ɗinkin bai canja ba, sanin darajarsa ne ya canja.

Mu namu tarihin ya fi nasu tsawo, amma mai guri ya zo, mai tabarma ya naɗe. Lifidin da ake fitowa da shi ranar salla yana tsufa, kuma idan ya yage sai an sami wanda ya san yadda ake cika shi. Ya kamata fadoji da ƙungiyoyin masu sana'a su nemi tsofaffin da suka rage, a zaunar da yara kusa da su tun da sauran lokaci. Mu kuma masu saye, idan muka ɗauki aikin hannu za mu taya, mu tuna da kwanakin da ke cikinsa kafin mu ce a rage. Allah ya sa wa neman kowa albarka.