Karofin Ƙofar Mata da Tarihin Damina a Ƙasar Kano

Wanda ya shiga birnin Kano ta Ƙofar Mata zai tarar da karofi a gefen hanya, watau rijiyoyin rinin nan da marina suka gada kaka da kakanni. Bisa ga faɗar masu wurin, an haƙa na farkonsu a shekarar 1498, ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. In haka ne, to, sana'ar ta ga damina fiye da 500 tana zaune wuri guda. Rini kuwa ɗan ruwa ne tun daga tushensa. Baba ba ya tsiro sai sama ta zuba, auduga haka, rijiyar rini ba ta karɓar shuni da toka sai an ɗebo ruwa an cika ta, mai sayen kore kuma ba ya zuwa kasuwa sai rumbunsa ya yi nauyi. Saboda haka babu wani farin da ya taɓa sauka ƙasar Kano tun daga zamanin Rumfa da bai bi ta kan marinan Ƙofar Mata ba. Ga kuma filin Idi nan kusa da su, irin wurin da jama'a kan fita roƙon ruwa sa'ad da shuka ta fara yaushi. Sai dai marina ba su ajiye littafin damina ba, masu roƙon ruwa kuma ba su rubuta shekarun da suka fita ba.

Awon ruwan sama da ma'auni bai fara a Kano ba sai 1905, shekara biyu bayan zuwan Turawa. Lissafin yana cikin mafiya tsawo a wannan yanki na Afirka ta Yamma, amma shekara 120 ne kacal, bai kai ko rubu'in shekarun karofi ba. A tsakaicin shekara Kano takan sami ruwa inci 33 ko 34. A 1913 bai kai inci 20 ba, aka shiga yunwar da ake kira Ƙaƙalaba, ta zo daidai lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano manoma suka fara karkata ga gyaɗa. Shekarun 1950 sun zo da ruwa mai yawa. Daga 1968 sama ta fara janyewa, har a 1973 Kano ta tashi da inci 16 da ɗan ɗoriya, watau kusan rabin abin da aka saba, fari ya kuma komowa a 1983 da 1984. A watan Agusta na 1988 kuwa sai ruwa ya yi yawa har madatsar Bagauda ta ɓalle.

Gajeren lissafi yakan ruɗi mai shi, ya kuwa ruɗi masana fiye da sau ɗaya. A 1935 wani malamin gandun daji na Jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, ya ba da labari cewa hamada na tahowa za ta cinye Arewa, bayan ya zaga ƙasar da rani. Gwamnatocin Ingila da Faransa suka kashe kuɗi suka tura hukumar haɗin gwiwa ta bi kan iyaka a 1936 da 1937, ta komo ba ta sami shaidar abin da ya faɗa ba. Bayan haka sai aka faɗa kuskure na biyu, kishiyar na farko. Shekarun 1931 zuwa 1960, waɗanda aka ɗauka su ne mizanin damina, ashe shekarun ni'ima ne. Da irin wannan mizani a hannu aka shiga zamanin manyan madatsu, aka gama Tiga a 1974, daidai lokacin da ruwa ya ja baya, mutanen fadamun Haɗeja da Nguru da ke ƙasa suka ji a jikinsu.

Abin da ya gabaci ma'auni sai a neme shi a bakin mutane da takardun malamai. Tarihin Sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara da Turanci a 1908, ya ambaci cewa Sarki Muhammadu Alwali, na ƙarshe a sarakunan Haɓe, ya tara gero da dawa don gudun yaƙi da yunwa, amma duk da haka yunwar ta same shi. Waƙar Bagauda kuma ta danganta cikar Kano da wata babbar yunwa da ta koro mutane zuwa inda ake da hatsi. Ban da waɗannan akwai sunayen da talakawa suka raɗa wa shekarun wahala: Banga-Banga ta wajen 1855, da 'Yar Buhu ta 1927, da 'Yar Gusau ta 1942. Sa'ad da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya kimanta cinikin tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar da kuɗi wuri miliyan 300 a shekara, shekara huɗu ke nan kafin Banga-Banga. Irin waɗannan labaru ne wata masaniya Ba'amurkiya, Sharon Nicholson, ta tattara tun daga shekarun 1970, daga tarihin Barno da na Tambutu da littattafan matafiya, ta jera shekarun fari da na ruwa na ƙarnuka da dama. Aikin yana da amfani ƙwarai, amma yana da iyaka, gama yunwa ba kullum ce 'yar fari ba. Fara takan kawo ta, yaƙi yakan kawo ta, haraji mai nauyi ma yakan kawo ta, marubucin tarihin sarki kuwa bai damu ya bambanta ba.

Ƙasa kanta ta fi kowa ajiya. A 1958 A. T. Grove na Jami'ar Kambirij ya bayyana cewa jigayin nan da ke jere arewa maso gabas da Kano, inda tudu ke bin fadama fadama ke bin tudu har zuwa Haɗeja, tsofaffin tuddan rairayi ne na hamada waɗanda iska ta tara a wani zamani mai tsananin bushewa, daga baya ciyawa ta rufe su. Manomin Jigawa yau a bayan tsohuwar Sahara yake shuka gero. Bayan wannan bushewa sai aka sami zamanin ni'ima wanda ba a ga irinsa ba tun daga nan. Wajen shekara 7,000 da suka wuce Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, tudun nan na Bama da ya ratsa ta Maiduguri shi ne bakin gaɓarsa. A 1987 wani makiyayi Bafillace yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙasar Yobe, ya ci karo da katako. Da aka tono shi a 1994 sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8 da 'yan kai, wanda awo ya nuna ya kai shekara 8,000, ba a san wanda ya girme shi a Afirka ba.

Shaida mafi daraja ga mai neman tarihin damina ta fito daga wani ɗan tafki mai kanwa da ake kira Kajemarum, a ƙasar Manga, arewacin Yobe. Laka takan kwanta a ƙasan tafki sannu a hankali, shekara bisa shekara, tana rufe ƙurar da iska ta kawo da garin furannin itatuwa da ɓawon ƙananan halittun ruwa. Idan aka kafa bututu aka zaro lakar, sai a karanta ta daga ƙasa zuwa sama kamar allo: gishirin da ke cikin ɓawon yana nuna ko tafkin ya cika ko ya ƙafe, garin fure yana nuna irin dajin da ke kewaye. F. A. Street-Perrott da J. A. Holmes da abokan aikinsu sun buga sakamakon a shekarar 2000, lissafin shekara 5,500. Sun tarar ƙura ta fara ƙaruwa wajen shekara 4,700 da suka wuce, ruwan damina ya ragu bai sake komawa yadda yake ba tun wajen shekara 4,100, sa'an nan daga wajen shekara 1,500 aka shiga zamanin fari mai daɗewa, wani ya yi shekaru gommai, wani ya kai ƙarni. Ɗaya daga cikin masu tsawon ya faɗo tsakanin shekara 1,200 da 1,000 da suka wuce. Palmer ya sa farkon sarautar Bagauda a shekarar 999. Kusancin nan yana da ban sha'awa, amma mai hankali ba zai ɗaura tarihi a kansa ba tukuna, domin shekarun farkon jerin sarakuna ƙiyasi ne, awon laka kuma yakan yi kure da shekaru masu yawa.

Dalilin da ya sa masu hasashen yanayi suka damu da waɗannan tsofaffin al'amura shi ne, hasashensu ya dogara ga wani babban lissafi da ake zuba wa kwamfuta don ta kwaikwayi tafiyar iska da teku da girgije. Ba yadda za a gwada gaskiyar abin da ta faɗa game da shekara 50 masu zuwa sai an jira su. Hanyar da ta rage ita ce a umarce ta ta kwaikwayi wani zamani da ya wuce wanda aka san halinsa, a ga ko za ta dace. Tun 1981 John Kutzbach ya nuna cewa sauyin karkatar duniya da kewayenta ga rana ya ƙara zafin bazara a arewa a wancan zamani, ya jawo damina ta yi nisa cikin Sahara. Daga farkon shekarun 1990 cibiyoyin duniya suka haɗa kai a wani shiri da ake kira PMIP, kowace ta gwada lissafinta a kan yanayin shekara 6,000 da suka wuce. Kusan dukansu sun gaza a wuri guda: ruwan da suke bai wa Sahara bai kai ya rayar da ciyawa da tafkunan da laka ta tabbatar an yi ba. Gazawar ta koya wa masana cewa sai an sa ciyayi da ƙura da damshin ƙasa cikin lissafin. Haka kuma zancen da Jule Charney ya kawo a 1975, cewa yawan kiwo na iya tsawaita fari, wanda mutane da yawa suka mayar hujjar ɗora laifi a kan makiyayi da manomi, ya yi rauni sa'ad da Alessandra Giannini da abokanta suka nuna a 2003 cewa sauyin zafin tekuna ne ya fi bayyana farin shekarun 1970 da 1980. Har wa yau lissafe-lissafen ba su yi ittifaƙi a kan daminar Sahel ta gobe ba. Mafi yawansu na nuna ƙarin ruwa a tsakiyarta, inda Kano take, wasu na nuna akasi. Mai gina madatsa da mai zaɓen irin gero duk suna jiran amsa.

Saura zancen kuɗi, wanda shi ne gindin maganar. Tonon Dufuna ya yiwu ne saboda wani dogon shiri tsakanin Jami'ar Frankfurt da Jami'ar Maiduguri, wanda hukumar bincike ta Jamus ta ɗauki nauyinsa daga 1988 zuwa 2002. A ƙarƙashinsa aka zaro lakar Tafkin Tila na ƙasar Biu, a Jamus kuma aka auna shekarun kwalekwalen. Aikin Kajemarum da kuɗin Ingila aka yi shi. Babban binciken daminar Afirka ta Yamma da ake kira AMMA, wanda ya yi ƙarfi a 2006, Faransa ce ta jawo shi, Tarayyar Turai ta tallafa. Wani lissafi da Indra Overland da abokansa suka buga a 2021 ya nuna cewa daga 1990 zuwa 2020, kashi 3.8 cikin 100 kaɗai na kuɗin binciken sauyin yanayi a duniya aka kashe a kan Afirka, a cikin wannan ɗan ragowar ma kashi 78 ya tafi cibiyoyin Turai da Amurka ta Arewa, kashi 14.5 ya shiga hannun na Afirka. Ba a raina taimakon baƙo ba, da babu shi da ba a san Kajemarum ba. Amma kuɗin baƙo na da wa'adi, kuma tambayar da mai kuɗi ya zo da ita ita ake amsawa. Tun da tarzoma ta tashi a arewa maso gabas a 2009, zuwa tafkunan Yobe da Barno ya zama da wuya, aikin da aka fara ya tsaya inda ya tsaya.

Nijeriya tana da hukumar kula da yanayi, NiMet, tun 2003, tana kuma da asusun TETFund na manyan makarantu tun 2011, wanda ke da sashen tallafa wa bincike. Haƙa ƙasan tafki da awon kabon suna da tsada, amma akwai wani ɓangare na aikin da bai fi ƙarfin irin wannan asusu ba, shi ne kuwa ya shafi sashen Hausa kai tsaye. A Gidan Adana Takardu na Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, akwai rahotannin gundumomi da takardun haraji da wasiƙun sarakuna da Larabci da ajami, inda ake ambaton ranar shuka da halin kaka da tsadar hatsi. Masanin iska ba ya iya karanta su, mai iya karanta su kuma ba a cika tambayarsa ba. Sunayen yunwa ma sukan bambanta daga gari zuwa gari, abin da Bakano ya kira da suna ɗaya Bakatsine ko Badamagare ya san shi da wani, tsofaffin da suka ji su daga bakin iyayensu kuwa suna ta ƙarewa, a karofin Ƙofar Mata ma da yawa daga cikin rijiyoyin sun daina aiki. Hanyar aikin a fili take. Sai a fara da shekarun da ma'auni ya shaida, daga 1905 zuwa yau, a ga da wace irin kalma mutane suka kwatanta 1913 da 1927 da 1973, a san nauyin kowace kalma da inci, kana a koma baya da wannan mizani zuwa zamanin Sarki Usman na ɗaya, wanda Barth ya tarar a kan gado, da na Sarki Alwali.