Kacala a Fadamun Haɗeja da Nguru: Yadda Masu Gona Suke Auna Ɓarnarta

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka bi ta da ta Calawa a 1992, al'adar da kogin Haɗeja ya saba da ita tun kaka da kakanni, wato ya cika ya malale fadama da damina, sa'an nan ya janye da rani har ƙasa ta bushe ta tsattsage, sai ta sauya. Domin ruwan da ake saki daga madatsun nan ba ya barin fadama ta bushe sarai, ita kuwa ciyawar da ake kira kacala ba abin da take bukata illa danshi mai ɗorewa. Da ta samu haka sai ta bazu, ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, har ruwa ya karkata ya nufi rafin Marma da tafkin Nguru yana cinye gonaki, alhali mutanen Gashuwa da na gabanta suna kukan ƙarancinsa.

Malaman kimiyya, in sun zo nazarin wannan musiba, sukan dubi fadamar baki ɗayanta, su yi lissafin kifi da tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai su sauka a nan da hunturu, waɗanda suna cikin dalilan da suka sa aka shigar da tafkin Nguru da rafin Marma cikin yarjejeniyar Ramsar a 2000. Shi kuwa mai gona, wanda ya gāji fadamarsa daga mahaifinsa, mizaninsa dabam ne, kuma kuskure ne babba a ɗauki wannan mizani a matsayin jahilci. Ya san kacala sanin da littafi ba ya bayarwa: ya san in ya sare ta da adda a kan tudu, ko ya cinna mata wuta, saiwarta na nan kwance a laka, ba a jimawa za ta tofo fiye da da, in kuwa ya shiga ruwa har ƙugu ya yanke ta a ƙarƙashin ruwa yadda kututturen zai nutse, to numfashinta ya yanke, saiwar ta ruɓe. Ya san kuma a cikinta tsuntsayen jan baki ke kwana, su fito da sassafe kamar hadari su sauka a kan shinkafa tana nono, yara na ta ihu da kaɗa gwangwani ba su ko kula.

Amma duk da wannan ilmi, hukuncin da kowane mai gona yake yanke wa kacala yana bin maslahar gonarsa ne. Wanda ke noman rani da ruwan madatsa, yana samun alkama da tumatir a lokacin da kakansa ke zaman jiran damina, da wuya ya yarda cewa ni'imar da ta wadata shi ita ce asalin hasarar ɗan'uwansa na ƙasa da shi. Wanda kacala ta cinye wa gona ɗungurungum yana ganinta annoba tsantsa. Mai yankanta ya yi jinka ko ya saƙa asabari yana ganin ba ta rasa ɗan amfani. Sauran cutarwar kuwa, irin sauron da ke hayayyafa a ruwan da ya tsaya, da dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, da kwalekwalen masunta da ya rasa hanya, da yake ba ta fāɗa a kan kadadar mutum ɗaya ba, kowa yakan bar wa wani.

A nan, a ganina, matsalar take. Mai gona yana ɗaukar yaƙi da kacala tamkar farali na ainihi, wanda ya tsaya a iyakar gonarsa, alhali a haƙiƙa ya fi kama da farali na kifaya, wanda in jama'a ba ta tsayar da masu yi ba, laifin ya hau kan kowa. Mutum ya share kadadarsa tas, maƙwabcinsa ya tafi ci-rani ya bar tasa, to saiwa ta ƙarƙashin ƙasa da irin da iska ke ɗauka za su mayar da wahalarsa banza. Shi ya sa ƙauyukan da suka koma ga gayya, suka fito da adda da kwalekwale suna buɗe rafi tare, suka fi cin moriyar guminsu.

Sai dai gayya ma tana da haddi, tun da ba manomi ke riƙe da makullin madatsa ba. Saboda haka ya wajaba a kan hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, da gwamnatocin Kano da Jigawa da Yobe, su zauna da masu gonakin nan kafin a tsara lokutan sakin ruwa, a ware wani lokaci a shekara da za a bar fadama ta bushe, a kuma yashe hanyoyin ruwan da suka fi ƙarfin adda.